Toka ta mutu, ana yi mini dariya don na yi kuka

Filin Tambayi Baba Likita

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Likita. Ina gaishe ka da ƙoƙarin da kake yi da mu a wannan fili, Allah ya saka da alheri. Ni tela ne a unguwar Zango, nan Damagaram. Na daɗe ina karanta amsoshinka kan tumaki da awaki da kaji, ban taɓa ganin wanda ya kawo maka zancen kyanwa ba, shi ya sa na yi ta jin nauyin rubutowa. Amma abin ya cika mini ciki.

Shekara 11 ke nan, wata safiya cikin watan Agusta bayan an kwana ana ruwa, ina hanyar shago sai na ji ɗan siririn kuka daga cikin magudanar ruwa. Na leƙa, na ga ƴar kyanwa ta maƙale cikin leda da yayi, idonta bai gama buɗewa ba, ƴan'uwanta biyu ruwa ya riga ya kashe su. Na ciro ta, na naɗe ta da ƙyallen atamfa, na koma gida. Uwargidana ta ce wannan ba za ta yi rai ba. Ita ɗin ce kuma ta nemo sirinji ta cire allurar, tana ɗiga mata nonon akuya dare da rana, tana goge mata ciki da jiƙaƙƙen tsumma. Da gashinta ya bushe muka ga launin toka gare ta, sai sunan ya bi ta.

A ƙarƙashin keken ɗinkina take wuni, cikin ƙyallaye. In na tashi da asuba tana bakin ƙofa, ta raka ni zaure, ta zauna har in dawo daga masallaci. Ta san ƙarar mashin ɗina tun daga kan kwana. In na zuba ruwan alwala a kwano sai ta riga ni sa baki. Duk ranar da ta kama ɓera ko ƙadangare, a kan takalmina take ajiye shi.

Mako uku da suka wuce, bayan isha'i, ƴata mai shekara 6 ta same ta a bayan randa tana karkarwa, miyau na zuba, tana numfashi da ƙyar. Muka ɗura mata nono, muka ɗura mata man gyaɗa kamar yadda mutane suka ce. Kafin kiran assalatu rai ya yi halinsa, tana hannuna. Daga baya muka gane maƙwabcina, mai ajiye hatsi a mangazar da ke jikin katangarmu, ya kwaɓa maganin ɓera da busasshen kifi ya ajiye a bakin mangazar.

Na haƙa rami a gindin dogon yaron gidanmu na rufe ta. Na yi kuka, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Da na faɗa a fadarmu ta shan shayi aka yi ta dariya. Wani ya ce na zama Nasara, wani ya ce in ji tsoron Allah, kullum mutane na mutuwa ni ina kukan mage.

Shin kukan nan laifi ne? Da na yi wani abu daban, da ta rayu? Maƙwabcina tun ranar ban iya gaishe shi da zuciya ɗaya ba. Yarinyar kullum sai ta tambaye ni ina Toka ta tafi. An ma kawo mana wata ƴar kyanwa, na ce a mayar da ita.

Ɗanka, tela daga Zango, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba ka haƙuri, ya ba uwargida da ƴar yarinyar nan haƙuri, ya mayar muku da alheri. Da zuciya ɗaya nake yi maka wannan gaisuwa, don abin da ya same ka rashi ne, ya kuma cancanci a gaishe ka a kansa.

Kukanka ba laifi ba ne. Tun kaka da kakanni Bahaushe ya ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba, kai kuwa shekara 11 kana tashi da wannan halitta kana kwana da ita. Abokan fadarku sun san wannan magana sarai. Abin da ya hana su ganin ta shafe ka shi ne kyanwa ba ta da farashi. Ba a kora ta kasuwar dabbobi ranar Alhamis, ba a layya da ita, ba ta shiga rabon gado. Da ragon da ka turke don babbar Sallah ne ya mutu, da har gida za su biyo ka jaje.

To amma na yi rayuwata cikin makiyaya, na kuma ga abin da ya nuna mini ko su ba kuɗin suke yi wa hawaye ba. A farin 1984 ina aiki a ɓangaren Tanut, arewa da Damagaram. Shanu suna faɗuwa a hanyar rijiya, mushe ko'ina, har ungulu ta ƙoshi ta daina sauka. Wani dattijo cikin Fulanin Bororo ya ja hannuna ya kai ni wurin wata jar saniya mai dogayen ƙahoni da ta kwanta ta kasa tashi. Ƙashi da fata kawai ta rage, babu mahaucin da zai ba da ko dala a kanta. Garkensa ya riga ya kusa ƙarewa, duk waɗanda suka mutu a gabansa ya daure bai ce komai ba. Wannan kuwa sai ya durƙusa ya ɗora kanta a cinyarsa, yana korar ƙuda daga idonta da gefen rawaninsa, yana kiran sunanta, yana lissafa mini uwarta da kakarta har ya kai ga saniyar da mahaifinsa ya ba shi tun yana yaro. Hawaye na bin gemunsa. Duk waɗanda muke tsaye a wurin babu wanda ya ɗaga ido ya dubi wani, balle dariya. Abin da wannan dattijo ya ji a ransa shi ne abin da ka ji da Toka tana hannunka kafin assalatu.

Shi kuma wanda ya ce ka zama Nasara, bai san tarihin kyanwa ba. Kyanwar gida daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ta samo asali, wadda har yanzu danginta na nan cikin dazukanmu. Ta kusanci mutum ne lokacin da ya fara noma yana tara hatsi: ɓera ya bi hatsi, kyanwa ta bi ɓera, aka saba. A 2004 masu tonon tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, an binne mutum, an binne kyanwa dab da shi. Tun a wancan zamani ke nan akwai wanda ya shaƙu da ita har haka.

Mu ma ba sai mun je da nisa ba. Duk wanda ya zauna zauren karatu a unguwar Birni nan Damagaram ya kai Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a babin ruwan alwala zai tarar da labarin sahabi Abu Ƙatada. Surukarsa Kabsha ta zuba masa ruwan alwala, kyanwa ta zo za ta sha, sai ya karkata mata kwanon har ta ƙoshi. Kabsha ta tsaya tana kallonsa, ya ce mata, mamaki kike yi ƴar ɗan'uwana? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a tsakaninku. Da na karanta a wasiƙarka cewa Toka tana riga ka sa baki a kwanon alwala, wannan labari ne ya fara faɗo mini. Sahabin nan kuma da ya fi kowa ruwaito hadisi, duniya ta fi saninsa da Abu Huraira, laƙabin da ya samu saboda ƴar kyanwar da yake ɗauka yana wasa da ita.

Wanda ya fi dacewa da halin da kake ciki shi ne labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Annabi ya shigo gidan ya gan shi cikin damuwa, ya tambayi dalili, aka gaya masa. Sai ya dube shi ya ce, ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun ya yi? Ka duba fa, shugaban al'umma ne, da yaƙi da sulhu da shari'a duk a wuyansa, ya tsaya ya lura da fuskar yaron da tsuntsunsa ya mutu, ya yi masa magana a kan tsuntsun. Bai tsawata masa ba, bai kuma tuna masa cewa mutane na mutuwa ba. Iyakar da addini ya sa wa baƙin ciki sananniya ce, ita ce wadda Annabi ya faɗa ranar rasuwar ɗansa Ibrahim: ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba kuma mu faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. A cikin wasiƙarka ban ga inda ka tsallake wannan iyaka ba.

Ina so ka san kuma sabon nan ba kai kaɗai ka yi shi ba, ita ma ta yi. Jiran da take yi maka a zaure, da gane ƙarar mashin ɗinka, ba zato ba ne na mai ƙauna. Masu bincike a Japan sun nuna a 2013 cewa kyanwa tana bambanta muryar mai ita da ta baƙo, a 2019 kuma suka nuna tana gane sunanta cikin wasu kalmomi. Ɓeran da take ajiye maka a kan takalmi kuwa, kyanwa tana kai abin da ta farauto ne inda ta ɗauka gidanta, inda hankalinta ya kwanta, kuma takalminka shi ne abin da ya fi ɗauke da ƙanshin jikinka a gidan. Ka gaishe mini da uwargida gaisuwa ta musamman. Ƴar kyanwar da idonta bai gama buɗewa ba ba ta wuce mako biyu ba a duniya, ba ta iya riƙe ɗumin jikinta, sai an ba ta nono duk bayan awa biyu ko uku, ba ta ma iya fitsari da kashi sai an shafa mata ciki yadda uwa ke lasar ƴaƴanta. Jiƙaƙƙen tsumman nan shi ya raya ta. A abin da na gani cikin aikina, mafi yawan ƴaƴan kyanwar da aka haifa a titi ba su ganin damina ta biyu. Taku ta kai shekara 11, wato wajen shekara 60 in aka kwatanta da ɗan Adam.

Yanzu tambayar da na san ita ce ke hana ka barci: da ka yi wani abu daban, da ta rayu?

Maganin ɓeran da ke yawo a kasuwanninmu iri biyu ne a taƙaice. Akwai mai aiki a hankali, wanda ke hana jini daskarewa. Dabbar da ta ci shi sai bayan kwana uku zuwa biyar take nuna alama: kasala, dasashi ya yi fari, numfashi ya yi nauyi, wani lokaci jini a hanci ko a kashi. Wannan akwai lokacin kai ta wurin likitan dabbobi, kuma bitamin K1 na maganinsa in an yi ta bayarwa na wasu makonni. Akwai kuma mai saurin kisa, wanda sau da yawa ma ba maganin ɓera ba ne tun asali, maganin ƙwarin gona ne ake ƙullawa a leda ko a zuba a kwalba ba takarda ba suna, a kwaɓa da abinci. Shi jijiyoyi yake kamawa. Miyau ya yi ta dalala, jiki ya ɗauki rawa, baƙin ido ya ƙanƙance, majina ta cika huhu, cikin mintoci ko ƴan awoyi. Alamun da ka zayyana sun fi kama da wannan. Yana da makari, allurar atirofin, amma sai an yi ta da wuri ƙwarai, a hannun wanda ya san ma'auninta, a kuma yi ta maimaitawa ana lura da dabbar. Kyanwa mai nauyin kilo uku ko huɗu, mai shekaru, da ta ci kifin ta ƙoshi, aka kuma gan ta bayan isha'i guba ta riga ta bi jiki, ko a hannuna ta faɗo a daren nan ba zan yi maka alkawarin ceto ta ba. Ka sauke wannan kaya daga kanka.

Nono da mai kuwa, dole in faɗi gaskiya don masu karatu: ba su karya guba. Ku kun yi abin da kuka ji an saba yi cikin ruɗewa, kuma ba shi ya kashe ta ba. Amma ɗura wa dabbar da ke karkarwa abu a baki na iya sa ya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu, mai kuma na iya taimaka wa wasu gubobin shiga jiki da sauri. Wannan ya shafi yara ma. In yaro ya ci irin wannan abu, kada a tsaya ɗura masa nono ko mai, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da ledar ko kwalbar maganin.

Zancen yara shi ya kawo ni kan maƙwabcinka, kuma a nan zan ɗan matsa maka. Mutumin nan ɓera ya nufa, ba Toka ba. Kashe ɓera halal ne, yana cikin abubuwa biyar da hadisi ya ba da izinin kashewa ko a cikin Harami, kuma duk wanda ya taɓa buɗe buhun hatsi ya tarar da rabi ya zama ɓarza da kashin ɓera ya san zafin abin. Inda ya yi ganganci shi ne wurin ajiyewa. Kifi mai guba a bakin mangaza, a fili, a unguwar da kaji ke kiwo, yara na rarrafe, ƴarka mai shekara 6 na wucewa. Wannan karon kyanwa ce ta ci. Don haka shirun da kake yi masa ba ya amfanar kowa, kai yana cin ka, shi kuma wataƙila bai ma san girman abin da ya faru ba, gobe zai sake kwaɓa wani. Ka je ka same shi, ba a gaban mutane ba, bayan sallar la'asar ko da safe kafin ya fita. Ka gaya masa Toka ta mutu ta dalilin kifin nan, ya yi maka ciwo, kuma tsoronka yanzu yara ne, naka da nasa. In kana ganin zuciya za ta ɗebe ka, ka tafi da limamin masallacinku ko wani dattijo da kuke jin nauyinsa ku biyu. Ka kai masa mafita a hannu: tarko ya fi aminci, a toshe ramuka da siminti, a ɗaga buhuna a kan katako nesa da bango. In kuma dole sai guba, a saya mai takarda da suna, a sa ta cikin gwangwani ko guntun bututu mai ƙaramar kafa da ɓera kaɗai zai iya shiga, a cikin mangaza a kulle, kowace safiya a tsince mushen a binne. Ina kyautata zaton zai ba ka haƙuri. Shekarun nan duka Toka tana tsallaka katangar nan tana rage masa ɓeraye, shi ma ya yi rashi ko bai lura ba. Ko bai ba da haƙurin ba, haƙƙin maƙwabtaka na nan a kanka, sallama da gaisuwa kada su yanke.

Binne ta da ka yi daidai ne ta kowace fuska. Da an jefa ta a juji kamar yadda aka saba, da kare ko shirwa ko ungulu sun ci sun bi ta, don guba ba ta mutuwa da mutuwar wanda ya ci ta. Ungulun da muka taso muna gani jere a kan katangar mahauta sun ragu ƙwarai a Afirka ta Yamma, kuma mushe mai guba na cikin abin da ya cinye su. Dabba ba a yi mata wanka da salla da zaman makoki, ba ta kuma bukatar a roƙa mata gafara tunda ba a rubuta mata zunubi. Rami mai zurfi da ka haƙa ya wadatar.

Yarinyar nan ita ta fara ganin Toka cikin wannan hali, don haka ita ce ta fi bukatar a zauna da ita. Kada ku ce mata ta yi tafiya ko ta ɓata. Yaro mai shekara 6 in aka ce masa tafiya, zai yi ta sauraren dawowa, in kuma ya gane daga baya sai ya daina yarda da maganar manya a irin wannan wuri. Ka zaunar da ita ka ce Toka ta ci abu mai guba, ta mutu, ba za ta dawo ba, kuma ba laifin kowa a gidan nan ba ne. Wannan na ƙarshen ka maimaita mata shi, don yara na ɗora wa kansu laifi a ɓoye, tana iya zaton don ta taɓa jan wutsiyarta ne ko don ba ta gan ta da wuri ba. In ta ce ina take yanzu, ka karanta mata aya ta 38 a Suratul An'am, inda Allah ya ce babu wata dabba a doron ƙasa, ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa, face al'ummomi ne irinku, ayar ta kuma ƙare da cewa zuwa ga Ubangijinsu ake tara su. Ka ce mata wanda ya halicci Toka ya san ta, wurinsa ta koma. Ka nuna mata ramin in tana so. In ta ga hawaye a idonka ba komai, za ta koyi cewa babba ma yana jin rashi ya kuma yi haƙuri.

In akwai hotunanta a cikin wayarka kada ka goge su don wani ya yi dariya. Ku riƙa ba da labarinta a gida, ranar da aka tsinto ta, yadda uwargida ta ce ba za ta yi rai ba, ƙadangaren da ta taɓa sa maka a takalmi. Da farko zai riƙa sosa rai, a hankali za ku tarar kuna ba da labarin da murmushi. Ƙafarka za ta ɗan jima tana taka keke da hattara don kada ta taɓa ta, kunnenka zai riƙa jin kamar motsinta a zaure. Duk wanda ya yi sabo yana shiga wannan, yana kuma wucewa.

In zuciyarka na son yin wani abu saboda ita, ga abin da nake ba ka shawara. Damagaram kowa ya san mu da ƙishirwa, a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ɗan Adam ma sai ya jira ga-ruwa, balle dabbar da ba ta da kowa. Ka sami kasko ka ajiye a inuwa a ƙofar shagonka, kullum ka wanke ka zuba ruwa, kyanwoyin unguwa da tsuntsaye su sha. Ka yi shi don Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, sahabbai suka ce ashe muna da lada a kan dabbobi, Annabi ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Su ne kuma suka ruwaito matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Wanda ya ce ka ji tsoron Allah, ka karanta masa waɗannan biyun cikin ladabi. Ranar da ka sa hannu cikin magudanar ruwa ka ciro ta, tsoron Allah ne ka yi aiki da shi.

Ƴar kyanwar da ka ce a mayar, ban ga laifinka ba, mako uku bai isa ba. Kada kowa ya tilasta maka. Sai dai ka tambayi uwargida da yarinyar, don gidan ba naka kai kaɗai ba ne, kuma kada a kawo wata sai an gama maganar gubar nan da maƙwabci. In lokacin ya yi, ka ɗauke ta a matsayinta, kada ka sa mata sunan Toka, kada kuma ka sa ran halinsu zai zo ɗaya, wata ba za ta taɓa kwanciya a ƙarƙashin keke ba. Ka bar ta wurin uwarta har ta kai wata biyu in da hali. Abubuwa kaɗan ka kiyaye, masu karatu ma su kiyaye: kada a taɓa ba kyanwa farasitamol, ko da ɓarin ƙwaya ne, hantarta ba ta iya sarrafa shi, yana kashe ta. Kada a ba ta abinci mai albasa ko tafarnuwa da yawa, suna lalata mata jini. Kada a fesa mata maganin sauro ko a shafa mata maganin kaskar kare da na shanu don kashe ƙuma. Madarar shanu na sa yawancinsu zawo in sun girma, ruwa mai tsabta da ɗan nama ko kifi sun fi mata. In ta kai wata uku ka kai ta ofishin kula da kiwo a yi mata allurar rigakafin haukan kare, don kyanwa ma na ɗaukar ciwon tana kuma sa wa mutum, ka bi lokutan maimaitawa yadda likitan ya tsara maka, ka kuma ce ya ba ka maganin tsutsar ciki daidai nauyinta. Ka rubuto mini yadda kuka yi da maƙwabcin naka.